Auna iskar oksijin a ƙwaƙwalwar jarirai bakwaini: ina aka kwana?

Shekaru da dama likitocin jarirai sun sa rai cewa wata na'ura mai aiki da haske za ta taimaka wajen kare ƙwaƙwalwar bakwaini daga lahani. Gwaji mafi girma da aka gudanar a ƙasashe 17 bai cika wannan buri ba, lamarin da ya sake tayar da tsohuwar muhawara a kan yadda ake shigar da sabbin na'urori cikin ɗakunan jinya.

A watan Afrilun shekara ta 2023 ne mujallar nan ta harkokin likitanci da ake bugawa a Amurka, New England Journal of Medicine, ta wallafa sakamakon wani bincike da aka yi wa laƙabi da SafeBoosC-III, wanda ayarin Farfesa Gorm Greisen na asibitin Rigshospitalet da ke birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak ya jagoranta. Binciken ya shafi jarirai 1,601 waɗanda aka haifa kafin cikinsu ya kai makonni 28, a asibitoci 70 na nahiyoyin Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Tambayar da masanan suka nemi amsawa ita ce: idan aka manna wa jariri wani ɗan faifai a ka, wanda ke nuna yawan iskar oksijin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa a kowane lokaci, likitoci kuma suka riƙa ɗaukar mataki a duk lokacin da adadin ya faɗi, shin za a samu raguwar mace-mace da lahanin ƙwaƙwalwa?

Amsar da aka samu ita ce a'a. A rukunin da aka yi wa amfani da na'urar, kashi 35.2 cikin 100 na jariran sun rasu ko kuma sun samu mummunan lahani a ƙwaƙwalwa. A rukunin da aka ba kulawar da aka saba, adadin ya tsaya a kan kashi 34 cikin 100. A ma'aunin masu lissafi babu wani bambanci tsakanin alkaluman biyu. Tun daga wancan lokaci ake ci gaba da ka-ce-na-ce a tsakanin ƙwararru a kan ko na'urar ce ta gaza, ko kuwa likitoci ne ba su san abin da ya dace su yi da bayanin da take ba su ba.

Sa'o'i 72 na farko

Domin fahimtar abin da ya sa aka ɗora dogon buri a kan wannan na'ura, wajibi ne a yi la'akari da halin da irin waɗannan jarirai ke ciki. Cikakken ciki yakan ɗauki kimanin makonni 40. Jaririn da ya zo duniya a mako na 25 ko na 26 sau da yawa nauyinsa ba ya kai kilo ɗaya, huhunsa bai ƙosa ba, zuciyarsa kuma ba ta gama shirin ɗaukar nauyin da mahaifa ke ɗauke mata ba.

A can cikin ƙwaƙwalwarsa akwai wani sashe mai cike da ƙananan jijiyoyin jini masu rauni matuƙa. Ƙwaƙwalwar babban mutum tana da dabarar daidaita jinin da ke shigarta, ta yadda ko matsin jini ya hau ko ya sauka, tana samun abin da take bukata. A jikin bakwaini marar lafiya wannan dabara ba ta da ƙarfi. Idan jini ya yi ƙaranci, sassan ƙwaƙwalwa kan rasa iska su lalace, idan kuma ya kwararo da ƙarfi, jijiyoyin kan fashe jini ya zuba a ciki. Galibin irin wannan zubar jini yana aukuwa ne a kwanaki uku na farko bayan haihuwa. Jariran da suka tsira da babban lahani kan iya tashi da shanyewar gaɓoɓi, ko farfaɗiya, ko wahalar koyon karatu, nauyin da iyaye za su ɗauka har tsawon rayuwa.

Abin da ya daɗe yana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya shi ne cewa suna iya auna bugun zuciya da matsin jini da yawan iskar da ke cikin jini, amma ƙwaƙwalwar kanta, wadda ita ce aka fi jin tsoron lalacewarta, ba su da hanyar sanin halin da take ciki sai bayan ɓarna ta auku, hoton sikanin ya nuna ta.

Yadda haske ke leƙa ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa ɗora tocila a tafin hannunsa cikin duhu ya ga yadda wani jan haske ke ratsowa ta tsakanin yatsu. A kan wannan tushe ne na'urar ke aiki. Gaba kaɗan da jan launi akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda masana kimiyya ke kira infared, irin wanda rimot ke aika wa akwatin talabijin. Ɓangarensa da ya fi kusa da ja yana iya ratsa fata da ƙashi da tsoka. Sinadarin himogilobin kuwa, wanda ke ba jini launinsa kuma yake dakon iskar oksijin, yana shanye wannan haske ta fuska biyu dabam: yadda yake shanye shi idan yana ɗauke da iskar ya bambanta da yadda yake yi bayan ya sauke ta.

Saboda haka idan aka manna faifai mai ɗauke da 'yar fitila a kan jariri, aka kuma sanya ma'auni 'yan santimitoci kaɗan daga fitilar, hasken da ya shiga ya dawo zai nuna kashi nawa na jinin da ke wurin ke ɗauke da iska. Babu allura, babu zafi, babu ɗibar jini. Kan bakwaini kuma ya dace da aikin, kasancewar fatarsa da ƙoƙon kansa ba su da kauri.

Wannan na'ura ta bambanta da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa, wadda jama'a suka saba gani a lokacin annobar korona. Ta yatsa, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, tana auna jinin da ya fito daga huhu yana kan hanyarsa ta zuwa gaɓoɓi. Ta ƙwaƙwalwa kuwa, kimanin kashi uku cikin huɗu na jinin da take gani jini ne da ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗebi rabonta daga cikinsa. Ke nan tana nuna abin da ya rage bayan an biya bukata. Jariri na iya samun adadi mai kyau a ma'aunin ƙafa ko na hannu, alhali ƙwaƙwalwarsa na cikin ƙunci saboda jinin da ke isa can ya yi kaɗan.

Wani masani na jami'ar Duke a Amurka, Frans Jöbsis, shi ne ya fara bayyana wannan dabara a mujallar Science a shekara ta 1977. A 1985 aka ba da rahoton gwada ta a kan bakwaini a wannan jami'a, sannan a 1986 wasu masana na University College da ke Landan suka nuna yadda za a mayar da hasken zuwa alkaluma. Daga baya kamfanoni suka shiga ƙera na'urorin, suka kuma samu karɓuwa musamman a ɗakunan tiyatar zuciya. Asibitocin jarirai da dama a ƙasashe masu arziki sun saye su tun kafin a tabbatar da amfaninsu ga bakwaini.

Darasin shekarun 1950

Dalilin da ya sa wasu likitoci suka nace sai an yi babban gwaji yana da nasaba da wani babi mai ɗaci a tarihin kula da bakwaini. A shekarun 1940 asibitocin Amurka da na wasu ƙasashen yamma sun shiga cika kwalaben jarirai da iskar oksijin mai yawa, bisa imanin cewa abin da ke raya mutum ba zai cutar da shi ba. Ba da jimawa ba aka fara ganin wata irin makanta da ba a saba gani ba, wadda wani likitan ido na birnin Boston, Theodore Terry, ya fara bayyanawa a 1942. Kafin a gano bakin zaren, yara kimanin dubu goma sun makance, ciki har da shahararren mawaƙin nan na Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950. Wata likita a birnin Melbourne na Ostireliya, Kate Campbell, ta ɗora alhakin a kan iskar a 1951, wani gwaji da aka yi a asibitocin Amurka kuma ya tabbatar da hakan a 1954.

Sai aka koma ɗaya gefen, aka riƙa tsuke iskar. Makanta ta ragu ƙwarai, amma mace-mace da shanyewar gaɓoɓi suka ƙaru. A 1973 wani likita ɗan Birtaniya, Kenneth Cross, ya ƙiyasta cewa a kan kowane jariri guda da aka kuɓutar daga makanta, an yi asarar rayukan jarirai 16.

Ko bayan da aka samu na'urar yatsa, tambayar ba ta kau ba. Sai da aka gudanar da manyan gwaje-gwaje biyar a kan jarirai kusan 5,000, waɗanda aka haɗa sakamakonsu a 2018, kafin aka gane cewa riƙe adadin iskar jini tsakanin 85 zuwa 89 yana rage cutar ido amma yana ƙara mace-mace, idan aka kwatanta da riƙe shi tsakanin 91 zuwa 95. Wannan tarihi ya koya wa likitocin jarirai cewa duk wani sabon adadi da aka sa a gaban ma'aikatan jinya zai sa su ƙara iska, ko magani, ko jini, kuma kowane daga cikin waɗannan matakai na da nasa haɗarin.

Daga ƙaramin gwaji zuwa babba

Matakin farko ya ba da ƙwarin gwiwa. A gwajin SafeBoosC-II da mujallar BMJ ta Birtaniya ta wallafa a 2015, an raba jarirai 166 na asibitoci takwas na Turai gida biyu ta hanyar ƙuri'a. An manna wa dukkansu na'urar, amma a rukuni ɗaya ne kawai likitoci ke ganin alkaluman, tare da wata takardar jagora da ke umartar su da su duba matsin jini da aikin zuciya da yawan jini da yanayin numfashi idan adadin ya fita daga tsakanin 55 zuwa 85. An samu raguwar kashi 58 cikin 100 na yawan kauce wa wannan iyaka a ƙwaƙwalwar jariran. Kazalika kashi 14 cikin 100 ne suka rasu a rukunin da ake ganin alkaluman, yayin da kashi 25 suka rasu a ɗaya rukunin. To sai dai jariran sun yi kaɗan a ce an tabbatar da wani abu, su kansu masu binciken kuma sun nemi a yi babban gwaji.

Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. A lokacin da aka ninka yawan jariran kusan sau goma a gwaji na uku, wanda aka gudanar daga 2019 zuwa 2021, bambancin ya ɓace baki ɗaya. A watan Janairun 2023 ma an wallafa sakamakon wani gwajin mai suna COSGOD III, ƙarƙashin jagorancin Gerhard Pichler na jami'ar koyon aikin likita ta birnin Graz a ƙasar Ostiriya, wanda ya duba amfani da na'urar a mintoci 15 na farko bayan haihuwa a kan jarirai 607. Kashi 82.9 cikin 100 sun rayu ba tare da lahanin ƙwaƙwalwa ba a rukunin na'urar, kashi 78.5 kuma a ɗaya rukunin. Tazarar ta karkata ga na'urar, amma ba ta kai matsayin da za a kawar da yiwuwar cewa dace ne kawai aka yi ba.

Ina gizo ke saƙa?

Masu goyon bayan na'urar na nuni da cewa ma'auni ba ya warkar da kowa, abin da aka yi bayan an karanta shi ne ke warkarwa. A ganinsu da yawa daga cikin asibitocin da suka shiga babban gwajin ba su daɗe da sanin na'urar ba, aikin kuma ya zo daidai da lokacin da annobar korona ta jigata ma'aikatan lafiya. Suna kuma tunatar da cewa ita ma na'urar yatsa ta bazu a duniya ba tare da an taɓa nuna ta hanyar babban gwaji cewa tana ceton rayukan bakwaini ba.

A ɗaya hannun kuma, masu shakka na ganin matsalar ta fi haka zurfi. Da farko dai babu tabbas a kan adadin da ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa a ƙasa da shi. Na'urorin kamfanoni dabam-dabam na ba da alkaluma mabambanta a kan jariri guda, faifan da aka ƙera domin jarirai kan nuna kimanin maki goma sama da na manya, kuma ko ɗaga faifan aka yi aka sake manna shi a gefe, adadin kan sauya da 'yan maki. Na biyu, matakan da likita ke da su idan adadin ya faɗi, kamar ƙarin ruwa ta jijiya ko magungunan ɗaga matsin jini, su kansu ba a tabbatar da cewa suna kare ƙwaƙwalwar bakwaini ba. Na uku, ƙarancin iska ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwa. Akwai ƙwayoyin cuta da kumburi, akwai kuma lahanin da ya fara tun jariri na cikin mahaifa.

Akwai kuma batun launin fata, wanda ya shafi duk wata na'ura mai aiki da haske, domin sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shanye haske. Wani bincike na jami'ar Michigan da aka wallafa a watan Disamban 2020 ya gano cewa na'urar yatsa ta fi kasa gano ƙarancin iska a jikin majinyata baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. Wannan ya sa tabbatar da ingancin irin waɗannan na'urori a kan masu duhun fata ya zama sharaɗin da ya kamata duk mai saye ya nema.

Abin da ya shafi ƙasashen Afirka

Ko da yake an yi waɗannan gwaje-gwaje ne nesa da Afirka, sakamakonsu na da muhimmanci ga nahiyar, saboda kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13 da dubu 400 a duniya a shekara ta 2020. Najeriya ce ta zo ta uku bayan Indiya da Pakistan, da jarirai fiye da dubu 770. Hukumar ta kuma ce a ƙasashe matalauta fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran da aka haifa kafin makonni 28 suna rasuwa a kwanakin farko, alhali a ƙasashe masu arziki adadin bai kai kashi 10 ba.

Ga ma'aikatar lafiya ko shugaban asibitin da ke lissafin 'yan kuɗin da ke hannunsa, sanin cewa wata na'ura mai tsada ba ta nuna amfani ba labari ne mai daraja, musamman da yake akwai matakan da aka gwada su da ma'auni iri ɗaya suka kuma yi nasara. A 2020 wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya a ƙasashen Bangladesh da Indiya da Kenya da Najeriya da Pakistan ya nuna cewa yi wa mai ciki allurar dexamethasone idan haihuwa ta taso kafin lokaci ya rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa kashi 19.6 cikin 100. Allura ce mai araha da ke taimaka wa huhun jariri ya ƙosa.

A 2021 kuma aka wallafa wani gwajin da aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, ciki har da asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi da na jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, a kan jarirai sama da 3,200 masu nauyin kilo ɗaya zuwa ƙasa da kilo 1.8. An gano cewa ɗora jariri a ƙirjin mahaifiyarsa, fata da fata, tun daga haihuwa ba tare da jiran sai ya murmure a cikin kwalba ba, ya rage mace-mace daga kashi 15.7 zuwa kashi 12 cikin 100. Bisa wannan hujja ce hukumar ta sauya ƙa'idojinta a watan Nuwamban 2022.

Hatta a batun iskar oksijin ɗin kanta, giɓin da ya fi girma yana a matakin farko ne: samun iskar a kowane lokaci, da wutar lantarkin da injinan ke bukata, da na'urar yatsa mai faifan da ya dace da jarirai, da na'urar gauraya oksijin da iskar gari domin kada a ba jariri zallarta, da likitan idon da zai duba shi kafin a sallame shi. Inda aka rasa waɗannan, akwai haɗarin maimaita kuskuren shekarun 1940, a ceci rai a bar yaro da makanta. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri da ke kira ga ƙasashe su inganta samar da iskar oksijin a asibitocinsu.

Sauran aiki

Babu alamun cewa za a jingine na'urar auna ƙwaƙwalwa baki ɗaya. Tana nan a ɗakunan tiyatar zuciya, tana kuma taimaka wa masu bincike fahimtar yadda jini ke gudana a ƙwaƙwalwar jariri, babban gwajin kuma bai nuna cewa tana cutarwa ba. Abin da ya sauya shi ne cewa nauyin kawo hujja ya koma kan masu son a mayar da ita kayan aiki na yau da kullum a ɗakunan bakwaini. Sai sun fayyace wane jariri ne zai amfana, a wane adadi ne za a ɗauki mataki, kuma wane mataki ne.

Alkaluman gwajin na Kopenhagen sun bar wani abin lura da ya wuce batun na'urar. A asibitocin da ke da kayan aiki da ƙwararru, jariri ɗaya cikin kowane uku da aka haifa kafin makonni 28 ya rasu ko ya samu mummunan lahani a ƙwaƙwalwa, da na'urar ko ba da ita ba. Rage wannan adadi shi ne aikin da har yanzu ke gaban likitocin jarirai.